Matambayi Ba Ya Ɓata: Kawuna na Faransa ya tambaye ni ranar komawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wurin aikinmu zai tura ni taron kwana biyar a Paris a watan Yuni, na kuma nemi hutun mako ɗaya in ɗora a kai. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙaramin gari da ake kira Vendôme. Ya fi shekara ashirin a can, matarsa Bafaranshiya ce, 'ya'yansu biyu, ban taɓa ganinsu ba sai a hoto. Da murnata na kira shi na ce ina tafe. Ya yi murna, ba zan ɓoye ba, amma ko minti biyar ba a yi ba ya shiga jero mini tambayoyi: wace rana zan iso, wace rana zan koma, in turo masa lambar fasfona, me nake ci, me ba na ci. Hajiya, jikina ya yi sanyi. Tun tasowata ban taɓa jin an tambayi baƙo ranar tafiyarsa tun bai zo ba. Maigidana ya ce in yi zamana a otal a Paris, in kira shi mu gaisa a waya, ya wadatar. Mahaifiyata kuwa ta ce ko kwana ɗaya ne in je in gano mata ƙaninta. Me kike gani?

Daga wata ƙanwarki ma'aikaciya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je. Na sa wannan a gaba ne don kada dogon bayanin da zai biyo baya ya binne shi.

Tambayoyin nan da suka sanyaya miki jiki, ni da na karanta su hankalina kwanciya ya yi da kawunki, domin tambayoyi ne na mutumin da ya riga ya fara share ɗaki. A Faransa ba da fatar baki ake ce wa baƙo “zo” ba. Duk wanda zai sauki ɗan'uwansa daga ƙasashenmu a gidansa, ziyarar da ba ta wuce wata uku ba, sai ya taka zuwa ofishin magajin garinsu, wanda suke kira mairie, ya nemi takarda mai suna attestation d'accueil, wato shaidar karɓar baƙo. Zai kai katin shaidarsa, da takardar da ke nuna gidan nasa ne ko haya yake, da shaidar abin da yake samu, sannan ya biya yuro 30 na hatimin haraji. A jikin takardar akwai gurbin sunanki, da lambar fasfonki, da ranar zuwa, da ranar tafiya. Magajin gari yana da ikon tura ma'aikaci ya leƙa gidan ya ga ko zai ɗauki ƙarin mutum. Shi kuma mai gida hannu yake sawa cewa in guzurin baƙonsa ya ƙare, nauyin yana wuyansa. To kin ga, mutumin da ya ce ki turo lambar fasfo, sunansa zai je ya ajiye a gaban hukuma saboda ke.

Amfanin takardar kuma ke zai komo wa. Kwanakin taronki, wasiƙar gayyata da takardar otal sun tsaya musu. Makon da kika ɗora a kai fa, a ina za ki kwana? Ofishin biza zai yi wannan tambayar, ɗan sandan da ke duba fasfo a filin jirgi ma yana iya sake yin ta. Mai takardar karɓar baƙo ana so ya nuna yana da yuro 32.50 na kowace rana, mai takardar otal yuro 65, wanda ba shi da ko ɗaya yuro 120. Ta asalin ake nema, ba hotonta a waya ba, saboda haka sai ya aiko miki da ita, aike kuwa yana cin kwanaki. Ki haɗa da kuɗin biza yuro 90, da inshorar lafiya mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000. Ana karɓar takardun biza tun saura wata shida a tafi, kuma mai tafiya a Yuni, lokacin da kowa ke rububin layi, bai kamata ya jira Mayu ba. Ki tura masa ranakun nan yau.

Na hukuma ke nan. Akwai kuma na zaman yau da gobe. Mai aikin albashi a can hutunsa na shekara mako biyar ne, a ƙidaye, kuma tun da wuri ake neman sa. A Yuni yara suna makaranta, sai farkon Yuli ake ba su dogon hutu. Gidan ma'aikaci ɗaki biyu ne ko uku, saukar baƙo na nufin ɗaya daga cikin yaran zai bar gadonsa ya koma ɗakin ɗan'uwansa. Tambayar abinci kuwa, zuciyata ta fi ba ni daga matarsa ta fito. Tana tsoron ta ajiye miki abin da bai halatta gare ki ba a ranar da wani daga dangin mijinta ya taka gidanta. Kara ce take yi miki, irin tasu.

Bari in ba ki labarin tawa tafiyar, don ni ma da irin zuciyarki na tafi. Ɗan baffana yana Figeac, ana furta shi Fijak, garin mutum kusan 10,000 a kudu maso yammacin ƙasar, a bakin kogin Célé. Karatu ya kai shi Faransa, ya samu aiki a ɗaya daga cikin masana'antun garin masu ƙera kayan jirgin sama, ya yi aure, ya zauna. Takardar mako ɗaya ya yi mini, amma ni kwana biyu na yanke a raina, in sauke nauyin zumunci in koma Paris inda kasuwa take. Na hau jirgin ƙasa a tashar Austerlitz, awa huɗu da wani abu zuwa Brive, na canja ƙaramin jirgin yanki da suke kira TER, shi ma fiye da awa ɗaya yana ratsa duwatsu da garken tumaki. Da na sauka, mutanen tashar ba su fi goma ba. Yana tsaye da hula a kansa, wadda daga baya matarsa ta gaya mini sai da Sallah yake fito da ita. Ya buɗe baki zai yi mini sannu da zuwa, Hausar ta sarƙe masa, sai ya yi shiru ya karɓi jakata. Muna cikin mota ya ce, “Yaya, wata bakwai ke nan ban yi Hausa da mutum ido da ido ba.”

Daren nan ba mu kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu. Gida-gida ya bi dangi yana tambaya: wane yana nan? Wance ta haihu? Wa ke zaune a ɗakin Inna yanzu? Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, kafin ya samu jirgi an kai ta makwancinta. Duk waɗanda suka kira shi ta'aziyya suka yi masa, babu wanda ya zauna ya ba shi labarin kwanakinta na ƙarshe. Ni ina wurin a lokacin, sai na ba shi tun daga ranar da ta kwanta har addu'ar da ta yi masa. Matarsa ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta zauna da mu har ƙarshe tana ƙara mana shayi. Da gari ya waye na ce ya canja mini tikiti, mako ɗayan zan cika.

Ɗan'uwan da ke Paris ko Marseille ko Lyon ƙishirwarsa ba ta kai wannan ba. Na Paris in kewar gida ta kama shi sai ya sauka a unguwar Château-Rouge, ya ji harsunan Afirka ta Yamma ta ko'ina, ranar Juma'a ya je babban masallacin da aka buɗe tun 1926 ko wanda ya fi kusa da shi. Na ƙaramin gari kuwa, ta yiwu shi kaɗai ne Bahaushe a faɗin gundumar. Dangi kuma in sun zo Faransa a Paris suke tsayawa, su kira shi su ce “ga mu a ƙasarku”, su koma. Shekara ashirin kawunki yana amsa irin wannan wayar. Da girmamawa nake cewa shawarar maigidanki cikin wannan layin za ta sa ki. Na san mutuncinki yake karewa, ba ya so ki je inda za a ɗauke ki kaya. Ki karanta masa wannan shafin, ki kuma roƙi kawu ya kira shi su gaisa irin ta surukai. Sau da yawa wannan kaɗai ke kwance irin wannan ƙulli.

Taki tafiyar ma ba ta kai tawa wahala ba. Daga tashar Montparnasse da ke Paris, jirgin ƙasa mai gudu da ake kira TGV kamar minti 45 yake yi zuwa Vendôme. Abu biyu za ki kiyaye. Manyan tashoshin jirgin ƙasa da yawa ne a Paris, kowace da ɓangaren ƙasar da take kaiwa, don haka ki karanta sunan tashar a tikitinki da kyau. Sannan tashar TGV ta Vendôme ba a cikin gari take ba, tana bayan gari da 'yan kilomitoci, kuma a ƙananan garuruwa tasi ba ta yawo neman fasinja, kiran ta ake yi. Ki gaya wa kawu lambar jirgi da lokacin isa. Tikiti a SNCF Connect ake saya, manhajar kamfanin jirgin ƙasa, kuma yana ƙara tsada in rana ta matso. Tun 2024 an ƙayyade kaya a jiragen TGV inOui: manyan akwatuna biyu da 'yar jakar hannu ɗaya, kowace da sunanki a jiki, kuma ki iya ɗaukar su da kanki a tashi ɗaya, don babu ɗan dako.

Garin da kansa yana da agogonsa. Ƙarfe 12 na rana ƙananan shaguna da yawa suna rufewa sai 2. Gidajen abinci lokacin ne suke ba da na rana, in ya wuce sai 7 na yamma ko bayanta. Lahadi gari tsit yake in ban da gidan burodi da safe, Litinin ma wasu shagunan ba sa buɗewa. Ranar farko shirun zai dame ki. Ni ma ya dame ni, har na riƙa leƙa taga ina neman mutane, sai a rana ta uku na fara jin daɗinsa. Ki tambayi ranar kasuwar garin, ki tabbata ta faɗo cikin kwanakinki, don nan ne za ki ga mutanen garin gaba ɗaya. A Figeac Asabar ce da safe, kuma a nan na ga matsayin ɗan'uwana. Mai cukun awaki, mai zuma, tsohuwar da ke sayar da ƙwai, kowa ya san sunansa, kuma kowa sai da ya tsaya ya nuna ni gare shi: ga yayata daga gida. Shekara da shekaru suna ganin sa kamar wanda ya faɗo daga sama, ba uwa ba uba. Ran nan suka ga yana da dangi. Har yau in na tuna fuskarsa a kasuwar nan sai idona ya kawo ruwa.

Kalma ɗaya ki riƙe kamar sallama: bonjour. Ba a shiga shago, ko a hau bas, ko a tambayi hanya ba tare da ita ba, wanda ya tsallake ta kuwa kallon marar tarbiyya ake yi masa. Ki ƙara madame ko monsieur, ki fita da merci, au revoir, wato na gode, sai an jima. Wanda ya tashi cikin gaisuwa wannan ba zai ba shi wuya ba.

Inda zan fi jan kunnenki shi ne tebur. Teburin cin abinci shi ne zauren gidan Bafaranshe. Ba a kai wa baƙo kwano ɗaki a ja masa ƙofa. Kowa zama yake a lokaci ɗaya, yara da manya, abinci yana zuwa kashi-kashi: ɗan abin buɗe baki, sannan babban abinci, sannan cuku, sannan kayan zaƙi. Ranar Lahadi sai a yi awa biyu ko uku ana ci ana hira. Kada ki cika ciki da na farko, kada kuma ki ce kin ƙoshi ki tashi ki shige ɗaki da waya, a wurinsu kamar ƙin amsa gaisuwa ne. Tambayar abincin nan ki amsa ta dalla-dalla tun yanzu: ba naman alade, ba giya ko da a miya ko a kek, da matsayinki kan naman da ba yankan Musulmi ba. Kalmomin da za ki lura da su a jikin kaya su ne porc, jambon, lardons, saucisson da gélatine saboda alade, da vin saboda giya. Kifi, ƙwai, cuku, kayan lambu da burodinsu sun ishe ki ki ci ki more. Ki nemi izini ki yi musu girki rana ɗaya, ki bar matar kawu ta tsaya kusa da ke tana kallo tana tambaya. In an gama ci ki tashi ki kwashe kwanuka tare da kowa, don babu 'yar aiki a gidan, kuma ita ma daga wurin aiki ta dawo.

Sai ƙananan abubuwa. Ki sa 'yar butar roba a akwatinki. A gidaje da yawa ban-ɗaki daban yake da wurin wanka, wani ko famfo babu a ciki, kuma daɓen ba a yi shi don zubar ruwa ba, in kin yi alwala ki goge wurin. Ki tambayi yadda suke raba shara, don kwalba da kwali da ragowar abinci ba wuri ɗaya ake zuba su ba. Bayan ƙarfe 10 na dare a sassauta murya saboda maƙwabta, musamman in kina waya da gida. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Vendôme sai kusan ƙarfe 10 na dare, Isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta yi sammako. Ki sauke manhajar lokutan salla ta Mawaqit wadda masallatan Faransa da yawa ke amfani da ita, ki tambayi kawu alƙibla.

Yaran kuwa, don Allah kada ki ce musu “ashe ba ku jin Hausa?” Sun san ba sa ji, kuma ubansu ya fi kowa jin zafin abin. Na ɗan'uwana, 'yar shekara tara da ƙaninta, kwana biyu suka yi suna leƙe na daga nesa. Ranar Laraba da rana, da yake babu makaranta, suka kai ni gidan tarihin Champollion, ɗan garin da aka haifa a 1790, wanda ya warware karatun rubutun Fir'aunonin Misira a 1822. Kusa da gidan akwai wani fili da aka shimfiɗa wa ƙaton baƙin dutse, kwafin dutsen Rosetta wanda rubutunsa ya buɗe masa hanya, mutane suna tafiya a kansa. Gidan tarihin na rubuce-rubucen duniya ne baki ɗaya. Da muka zauna hutawa na ciro biro na rubuta wa kowannensu sunansa da ajami, na ce musu da wannan kakansu yake rubuta wasiƙa. Washegari yarinyar ta tafi da takardar makaranta. Daga ranar a ɗakina suka tare.

Ki ba su kwana huɗu ko biyar, a ciki har da Asabar da Lahadi, ranar da kika ce za ki tafi kuma ki tafi. Baƙo raɓa ne. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa kuma ba kansa kaɗai ya cuta ba, magajin gari na iya hana mai masaukinsa takarda in wani ɗan'uwan ya tashi zuwa gobe. Kafin ki taso ki sa mahaifiyarki ta yi masa magana ki naɗa a waya, doguwa, ba gaisuwar minti ɗaya ba. Allah ya kai ki lafiya, ki rubuto mana in kin dawo.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Zan raka maigidana Faransa, za mu biya wa yayata da ke aure a wani ƙauye kusa da Limoges. Ta ce ba abin da take marmari irin kilishi da man shanu. Na riga na sa an yi mini, ga dambun nama, ga zuma, ga dabino. Wata ƙawata ta ce ƙwacewa za a yi. Gaskiya ne?

Daga wata uwargida

AMSA

Gaskiya ƙawarki ta gaya miki, 'yar'uwa, na so a ce kin tambaya kafin ki kashe kuɗinki. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashenmu, busasshe ne ko soyayye, ko da an naɗe shi a leda goma. Dalilinsu cututtukan dabbobi ne, irin ciwon baki da kofato, masu iya tafiya a cikin nama su shiga garkensu. Kilishi, dambun nama da man shanu duk sun faɗa ciki. In jami'an kwastam suka gani za su karɓe su lalata, suna kuma iya cin ki tara. Na san za a ce miki wance ta wuce da shi ba a gani ba. Kada ki fara ziyarar yayarki da tsayuwa a ɗakin bincike.

Zuma an yarda har kilo 2, busasshen kifi har kilo 20. Dabino ma ki ɗauka, yana cikin 'ya'yan itace biyar da ba a nema musu takardar lafiyar tsirrai, tare da ayaba, abarba, kwakwa da durian. Sauran ɗanyun kayan lambu da na marmari sai da takarda. Kuɗi a hannu in ya kai yuro 10,000 sai an bayyana. Kuma kada ki karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na wane ne, sai kin buɗe kin gani da idonki.

Marmarin yayarki yana da magani. Ki tafi da kayan haɗin a bushe, ku sayi nama a mahautar halal a Limoges, ku yanyana shi tare, ku busar a murhun gashinta da wuta kaɗan-kaɗan. Ba zai kai wanda kika sa aka yi ba, amma yini guda za ku yi a kicin ku biyu kuna yi kuna hira.

TAMBAYA

Assalamu alaikum 'yata. Ni dattijo ne, shekaruna 71. Ɗana yana zaune a garin Sélestat na Faransa da matarsa 'yar can da jikokina uku. Ya matsa mu zo ni da mahaifiyarsa a Disamba, lokacin hutun yara. Damuwata uku ce. Uwargidana niƙabi take sawa, an ce an hana. An ce matan can sumbatar kumatu suke yi in za su gaisa, ita kuwa surukata ce. Sannan lokacin Kirsimeti ne, kuma iyayen yarinyar sun gayyace mu cin abinci.

Daga wani babanki

AMSA

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganar niƙabi gaskiya ce. Dokar da aka yi a 2010, ta fara aiki a Afrilun 2011, ta hana rufe fuska a titi, kasuwa, motocin haya da ofisoshi, tararta tana kaiwa yuro 150. Hijabi da mayafi da doguwar riga ba a hana sawa a titi ba, fuska ce kawai za ta kasance a buɗe. Ku zauna da Hajiya ku yi wannan maganar tun a gida, ta yanke da kanta cikin natsuwa, kada ta fara jin ta a filin jirgi.

Gaisuwar kumatu, wadda suke kira la bise, al'ada ce tsakanin dangi da abokai, ba tilas ba ce. Ɗanka ne zai yi wa matarsa da iyayenta bayani kafin ku iso. Kai kuma ka riga ta: ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka saki fuska, ka kira sunanta, ka yi mata doguwar gaisuwa ɗanka yana fassarawa, Hajiya kuma ta rungume ta. Abin da yarinyar nan take tsoro shi ne ba ku karɓe ta ba, kuma a fuskarka za ta nemi amsa.

Gayyatar surukai, ni dai ina ganin ku amsa. In zuciyarka ba ta natsu da ranar bikin kanta ba, ka tambayi malaminka tun kafin tafiya, ka nemi a sa wata rana a cikin makon. Mutanen nan kakannin jikokinka ne kamar ku, su ne kuma ke kusa da su kullum. Sélestat gari ne mai ji da Kirsimeti, don a kundin garin na 1521 aka samu ɗaya daga cikin tsofaffin ambaton bishiyar bikin, saboda haka za ku tarar da shi a ƙawace. Abincin yankin Alsace, inda garin yake, alade ya yi masa yawa, choucroute da tarte flambée duk da shi aka saba yi, sai ɗanka ya faɗa musu a fili. Ranar Juma'a, Strasbourg kamar minti 20 ne a jirgin ƙasa, akwai babban masallaci da aka buɗe a 2012.

Abin da ban ji ka ambata ba, kuma shi ya fi damuna, sanyi ne. Disamba a Alsace ruwa yana daskarewa, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa. Babbar riga ba ta tare wannan sanyin. Ka sa ɗanka ya zo filin jirgi da riguna masu nauyi, safa, safar hannu da rufaffun takalma masu kama ƙasa, na mutum biyu. Ku tafi da magungunanku na kwanakin duka tare da takardar likita. In zazzaɓi ya kama ɗayanku, a gaya wa likita daga ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro kuka zo. Lambar gaggawa 15 ce ko 112.

Jikoki za su kira ka papi, su kira Hajiya mamie. Ku amsa, sannan ku koya musu Kaka. Kowace safiya akwai wanda ake aika sayo burodi. Ka ce kai za ka riƙa zuwa, babban jikan ya raka ka, shi ya yi wa mai shago Faransanci ya ƙirga canji, kai kuma a hanyar dawowa ka riƙa nuna masa abubuwa kana gaya masa sunansu da Hausa.